Mutanen 6 ga Maris

Dabokpa wata unguwa ce a cikin birnin Tamale, a arewacin ƙasar Gana. Tamale ƙasar Dagwamba ce, kuma harshen yawancin mutanenta Dagbani ne. Amma a kasuwa da tasha da zango ana jin Hausa sosai, domin tun zamanin fatake Hausawa suke bin wannan yanki zuwa Gwanja sayen goro.

Idan watan Fabrairu ya kusa ƙarewa, ƴan makarantar Dabokpa sukan fara koyon fareti. A lokacin hunturu ya wuce, zafi ya fara. Sukan jeru a filin makaranta, maza da mata, ana kaɗa ganga, suna taka hagu da dama. Suna shirin ranar 6 ga Maris ne. A wannan rana ce, cikin shekarar 1957, ƙasar Gana ta sami ƴancin kanta daga hannun Ingila. Kafin nan Turawa suna kiranta Gaɓar Zinariya. Kwame Nkrumah ne ya yi shelar ƴancin a birnin Akara, da tsakar dare, gaban dubban mutane. Shekara uku bayan haka Nijar ta sami nata ƴancin ranar 3 ga Agusta, 1960, Nijeriya kuma ranar 1 ga Oktoba.

An saba yin babban bikin ƙasa a Akara. Amma a shekarar 2019 aka kawo shi Tamale, a filin wasa na Aliu Mahama. Wannan ne karon farko da aka yi shi a wajen babban birnin. Babban baƙo a ranar shi ne shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou.

Saboda haka mutanen Gana suna cewa 6 ga Maris ranar haihuwar ƙasarsu ce. Amma ba ƙasar kaɗai aka haifa a wannan rana ba. Ga labarin mutum shida da suka yi suna a duniya. Dukansu an haife su ranar 6 ga Maris, amma ƙasarsu daban, zamaninsu daban, sana'arsu ma daban.

Mai sassaƙar dutse

An haifi Michelangelo a shekarar 1475, a wani ƙaramin gari mai suna Kaprese, a ƙasar Italiya. Faransawa suna kiransa Michel-Ange. Yana jariri aka kai shi raino gidan wani mai fasa dutse. Can ya saba da guduma da kurfi tun yana ƙarami. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara shida.

Mahaifinsa bai so ya zama mai aikin hannu ba, amma yaron ba ya son kome kamar zane. Da ya kai shekara 13 aka sa shi koyon aiki wajen wani gwanin zane a birnin Fulorans. Daga baya ya zama gwanin sassaƙa, gwanin zane, kuma gwanin tsara gini. Daga 1508 zuwa 1512 ya zane rufin wani babban ɗakin ibada na Kirista a birnin Rum. Tsayin rufin daga ƙasa ya kai mita 20. Shekara huɗu yana hawa bisa katako, wuyansa a tanƙware, fenti yana ɗiga masa a fuska. Da ya tsufa, shi ne ya tsara ƙatuwar kubbar majami'ar Waliyyi Bitrus. Ya rasu a 1564 yana da shekara 88, kuma bai daina aiki ba sai ƴan kwanaki kafin rasuwarsa.

Maraya mai gyaran gilashi

An haifi Joseph Fraunhofer a shekarar 1787, a garin Straubing na ƙasar Jamus. Mahaifinsa mai aikin gilashi ne. Yana da shekara 11 ya zama maraya, ba uwa ba uba. Aka kai shi birnin Munik wajen wani mai yin madubi. Maigidan nan mai tsanani ne, ba ya barinsa ya yi karatu.

A shekarar 1801 gidan da yake aiki ya rushe, ya danne shi. Mutane suka yi ta tono har suka ciro shi da rai. Sarkin ƙasar ya zo wurin da kansa, ya ga yaron, ya ji tausayinsa, ya ba shi kuɗi. Yaron bai kashe kuɗin a banza ba. Ya nemi littattafai da kayan aiki, ya duƙufa wajen koyon lissafi da ilimin haske.

Ba a daɗe ba ya zama wanda ya fi kowa iya narka gilashi mai tsabta a zamaninsa. Da gilashinsa aka ƙera madubin hangen taurari mafi kyau. Wajen shekarar 1814 ya sa hasken rana ya ratsa wani gilashi mai kusurwa uku. Hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Da ya duba da kyau, sai ya ga siraran layuka baƙaƙe a cikin launukan. Ya ƙirga fiye da 500. Masana da suka zo bayansa sun yi amfani da waɗannan layuka suka gane irin abubuwan da ke cikin rana da taurari, ba tare da kowa ya je can ba. Ya rasu a 1826 yana da shekara 39 kacal. Yau akwai wata babbar ƙungiyar bincike a Jamus mai ɗauke da sunansa. A wani reshenta ne aka ƙago MP3, wato hanyar da ake matse waƙa ko karatu don su shiga cikin wayar hannu.

Ɗan siyasa mai son makaranta

An haifi Obafemi Awolowo a shekarar 1909, a garin Ikenne, a ƙasar Yarabawa ta Nijeriya. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu yaron yana da shekara kamar 11. Daga nan karatu ya yi masa wuya. Yakan bar makaranta ya yi ƙwadago, in ya tara kuɗi ya koma. Ya yi aikin koyarwa, ya yi akawu, ya yi aikin jarida, ya yi kasuwanci. Daga baya ya tafi Landan ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1946.

Ya zama firimiyan Jihar Yamma ta Nijeriya daga 1954 zuwa 1959. Bai manta da wahalar da ya sha ba. A shekarar 1955 gwamnatinsa ta mai da karatun firamare kyauta ga dukan yaran jihar. Ƴaƴan talakawa da yawa suka shiga aji, waɗanda a da ba su da hali. A 1959 kuma aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, a birnin Ibadan. Ya rasu a 1987. Hotonsa yana jikin takardar naira 100.

Jikan mai tatsuniya

An haifi Gabriel García Márquez a shekarar 1927, a garin Arakataka na ƙasar Kolombiya, a Kudancin Amurka. Ya yi ƙuruciyarsa a hannun kakanninsa na wajen uwa. Kakansa tsohon soja ne, yakan ba shi labarin yaƙi. Kakarsa kuwa takan ba shi labarin fatalwa da abubuwan mamaki, fuskarta ko gezau, kamar tana faɗin farashin gishiri a kasuwa.

Da ya girma ya zama ɗan jarida, sannan ya shiga rubuta littattafan labari da harshen Sifaniyanci. Shi da kansa ya ce daga kakarsa ya koyi yadda ake ba da labari. A shekarar 1967 ya fitar da littafinsa mafi shahara, wanda ya ƙunshi tarihin wani gida har tsawon shekara ɗari. An fassara shi cikin harsuna masu yawa. A 1982 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi, wadda ita ce babbar kyautar marubuta a duniya. Ya rasu a 2014. Ashe tatsuniyar da yaro yake ji a ɗakin kakarsa da dare ba abin rainawa ba ce.

Ƴar masaƙa da ta je sama

An haifi Valentina Tereshkova a shekarar 1937, a wani ƙauye na ƙasar Rasha. Mahaifinta direban tarakta ne. Ya mutu a yaƙi tana da shekara biyu. Mahaifiyarta ta shiga aiki a masaƙa don ta ciyar da ƴaƴanta. Ita ma Valentina ta bar aji da wuri, ta yi aiki a ma'aikatar taya, sannan a masaƙa. Amma ta ci gaba da karatu a gida, ana aiko mata da darasi ta gidan waya.

A ranakun hutu takan je ta koyi dira daga jirgin sama da laima. Wannan ne ya sa aka zaɓe ta cikin ɗaruruwan mata. Ranar 16 ga Yuni, 1963, ta shiga wani kumbo mai suna Vostok 6, ita kaɗai. Ta kewaya duniya sau 48 cikin kusan kwana uku, sannan ta sauko lafiya. Ita ce mace ta farko da ta je sararin samaniya. Shekarunta 26 a lokacin. A 1964 ƙasar Gana ta ba ta lambar girma.

Dogo mai ƙwallon kwando

An haifi Shaquille O'Neal a shekarar 1972, a birnin Newark na ƙasar Amurka. Tsayinsa mita 2 da santimita 16 ne. Idan ya zo shiga yawancin ɗakuna, sai ya sunkuya. Ya shahara wajen wasan ƙwallon kwando. Ƙungiyoyin da ya yi wa wasa sun ci babban kofin Amurka sau huɗu, a 2000 da 2001 da 2002 da 2006.

Ya bar jami'a a 1992 bai gama ba, saboda wasa. Amma ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin zai ƙarasa. Ya cika alkawari a shekarar 2000, lokacin da ya riga ya yi kuɗi ya yi suna. Ya daina wasa a 2011, kuma a 2012 ya sami digirin dakta a fannin ilimi.

Me ya sa ake haɗa ranar haihuwa?

Wani zai yi mamaki, ya ce yaya aka yi manyan mutane haka suka taru a rana ɗaya? Amsar tana cikin lissafi.

Kwanakin mako bakwai ne. Idan yara takwas suka taru, dole a sami biyu da aka haifa rana ɗaya ta mako. Watannin shekara 12 ne. Idan yara 13 suka taru, dole a sami biyu da suka haɗa wata. Kamar kaji takwas ne da akurki bakwai, tilas kaza biyu su kwana a akurki ɗaya.

Haka kwanakin shekara suke. Shekara tana da kwana 365, amma mai tsallake tana da 366, domin Fabrairu yakan yi kwana 29. Duk makarantar da ke da ɗalibai 367, babu shakka akwai biyu a cikinsu masu ranar haihuwa ɗaya.

Abin mamakin shi ne, ba sai an kai wannan yawa ba. Masana lissafi sun nuna cewa idan aka duba azuzuwa masu yara 23, kusan rabinsu za a tarar da yara biyu masu rana ɗaya. Dalili kuwa, idan kowane yaro cikin 23 ya gaisa da kowa sau ɗaya, za a yi musafaha 253. Kowace musafaha dama ce ta haɗa rana. Idan ajin mai yara 50 ne, cikin azuzuwa ɗari za a samu a wajen 97.

A shekarar 2022 yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8. Idan aka raba su bisa kwana 365, kowace rana za ta sami mutum kusan miliyan 22. A cikinsu akwai sarki, akwai manomi, akwai malama, akwai mai tallar ƙosai, akwai na kirki, akwai ɓarawo. Kowace rana aka ɗauka a kalanda, za a sami shahararrun mutane a cikinta. Ranar 6 ga Maris ba ta fi sauran ranaku ba.

Sunan rana

Tun kafin kalandar Bature ta zo, Hausawa suna da hanyar tuna ranar haihuwa. Suna ajiye ta a cikin suna. Wadda aka haifa ran Lahadi ita ce Ladi, namiji kuma Ɗanladi. Ta Litinin Altine ko Tani, ta Talata Talatu, ta Laraba Balaraba, ta Alhamis Lami, ta Jumma'a Jummai, ta Asabar Asabe. Akwai kuma sunayen lokaci. Azumi an haife ta cikin watan azumi, Sallau ranar salla, Marka da tsakiyar damina, Nomau lokacin noma.

Mutanen kudancin Gana ma haka suke yi. A wurinsu namijin da aka haifa ran Jumma'a Kofi ne, na Asabar kuma Kwame. Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, Ɗanjuma ke nan. Kwame Nkrumah kuwa Ɗan'asabe ne. Ita ƙasar Gana, da mutum ce, da Balaraba za a kira ta, domin 6 ga Maris, 1957, ta faɗo ran Laraba.

Amma suna ba ya faɗin kwanan wata, ba ya faɗin shekara. Kwame Nkrumah kansa ya gamu da wannan matsala. Lokacin da aka haife shi a ƙauyen Nkroful, babu wanda ya rubuta. Daga baya wani limamin Kirista ya rubuta masa 21 ga Satumba, 1909. Idan aka duba kalandar wannan shekara, 21 ga Satumba Talata ce, alhali sunansa yana nuna Asabar. Mutumin da ya yi shelar ranar haihuwar ƙasarsa, tasa ranar sai da aka yi kirdado.

Takardar haihuwa

Har yanzu akwai yara da yawa a ƙasashenmu da ba a rubuta haihuwarsu ba. Idan aka tambayi tsofaffi, sukan ce an haifi wane shekarar da aka yi fari, ko shekarar da aka naɗa sarki. A tsofaffin takardun Nijar da yawa an rubuta « né vers », wato an haife shi wajen shekara kaza.

Rashin takardar haihuwa yana jawo wahala. Ana neman ta wajen shiga jarrabawa, da yin katin shaida, da neman fasfo, da ɗaukar aiki. Ɗalibi yana iya zama na ɗaya a aji, amma ranar rubuta sunayen masu jarrabawa a ce ya koma gida ya kawo takarda. Takardar tana kuma kare yaro. Da ita ake shaida cewa shekarunsa ba su kai na aikin ƙarfi ko na soja ba.

A shekarar 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara yarjejeniyar haƙƙin yara. A ciki an ce dole a rubuta kowane jariri da zarar an haife shi, a ba shi suna da ƙasa. Gana ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da wannan yarjejeniya, a farkon 1990. Nijar da Nijeriya ma sun tabbatar da ita. Saboda haka idan aka yi haihuwa a gida, ana shirin ragon suna da goro, ya kamata a tuna da zuwa ofishin rajista ko na magajin gari. Ɗan makaranta yana iya tuna wa iyayensa cikin ladabi, don ƙanensa ko ƙanwarsa.

Abin da ya haɗa su

Idan aka sake duba mutanen nan shida, za a ga ranar haihuwa ba ta ba su kome ba. Huɗu daga cikinsu sun rasa uwa ko uba tun suna ƙanana. Fraunhofer ya fito daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Awolowo ya yi ƙwadago don kuɗin makaranta. Tereshkova takan tashi daga masaƙa a gajiye, ta buɗe littafi. Abin da ya haɗa su da gaske shi ne kowannensu ya kama abu ɗaya ya koya, ya daɗe a kansa, bai saki ba. Hausawa suna cewa, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

A Dabokpa akwai makarantar koyon sana'a, inda samari da ƴanmata suke koyon aikin hannu kamar gini da kafinta da gyaran lantarki. Michelangelo da Fraunhofer ma da koyon aikin hannu suka fara. Yaron da yake fareti ranar 6 ga Maris, ko a ranar aka haife shi, ko a wata rana, ba shi ya zaɓa ba. Abin da yake hannunsa shi ne ya san ranar, ya ga an rubuta ta, sannan ya mai da hankali ga abin da yake koya.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

ranar haihuwa: date de naissance
takardar haihuwa: acte de naissance
ƴancin kai: indépendance
maraya: orphelin
sana'a: métier
bakan gizo: arc-en-ciel
masaƙa: usine textile
kumbo: vaisseau spatial

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Dabokpa take, kuma me ya sa ƴan makarantarta suke fareti ranar 6 ga Maris?
2. Ku faɗi sunayen mutanen nan shida da sana'ar kowannensu.
3. Me Fraunhofer ya yi da kuɗin da sarki ya ba shi?
4. Shekara nawa ne tsakanin haihuwar Michelangelo da ta Shaquille O'Neal?
5. Shekarar Gana nawa da samun ƴanci lokacin da aka yi bikin a Tamale?
6. Me ya sa ake shakkar ranar haihuwar Kwame Nkrumah?
7. Ku kawo amfani uku na takardar haihuwa.

Aiki

Kowa ya tambayi iyayensa ranar da aka haife shi, da wata, da shekara. Ku rubuta watanni 12 a allo, kowa ya sa sunansa ƙarƙashin watansa. Wane wata ne ya fi yawan suna? An sami biyu masu rana ɗaya?